Kwatancen Gidan Laraba Mai Tsiren Awara

Akwai wani gari a ƙasar Faskari, bakin titi, inda manyan motoci ke tsayawa direbobi su miƙe ƙafa. Sunan garin kuwa kada ma ka tambaye ni, in ka kai ƙarshen labarin nan za ka gane dalili. In ka sauka a nan da la'asar, ƙamshin tsire zai ja ka ta hanci har tukubar Malam Mani mahauci. Ka saya, ka ci, ka lashe yatsu, har ka yaba wa saniyar da aka yanka. To ka yi asarar yabonka, malam, don babu saniyar da ta mutu saboda kai. Waken suya ka ci! Malam Mani ma ba ya ɓoyewa, da bakinsa zai faɗa maka, sai dai kai ne za ka ƙi yarda. Matar da ta mayar da wake nama kuwa sunanta Laraba, kuma ba za ka gan ta a wurin ba.

An haife ta a wata unguwar Maguzawa ta wajen Ketare, cikin ƙasar Kankara. Gida ne na noma, rumbuna sun fi ɗakunan kwana yawa. Uwarta daddawa take yi, irin wadda in ta buɗe kwando a kasuwa sai an waiwayo daga layin masu gishiri. Tun Laraba tana ƙarama ta lura da wani abu. Ranar kasuwa kowa sayen daddawar uwarta yake, liman da ladan da matan malamai, babu mai tambayar komai. Amma ranar da ake biki a gidansu, sai ubanta ya aika a kira wani maƙwabci Musulmi ya zo ya yanka akuyar baƙi, in ba haka ba naman zai kwana a tukunya. Ba faɗa ba ne, ba gaba ba ce, haka aka taso aka tarar. Ita dai ta riƙe a ranta cewa nama yana da tambaya, "Wa ya yanka?" Daddawa kuwa ba ta da ita.

Ta auri Barau, manomi, kuma mai dariya. Kai, dariyar Barau sai wanda ya ji! In ana gayya, daga gona ta uku ake sanin ya iso. Shi ne mai tsokanar masu lalaci, shi ne mai kwaikwayon tafiyar dagaci a bayan idon dagaci. Bayan aurensu suka shiga addinin Kirista tare, suka haifi 'ya'ya, suka aurar da waɗanda suka isa. Da noman waken suya ya shigo ƙasar suka karɓe shi hannu biyu. Da an bar su, da a nan za su tsufa.

Ba a bar su ba. Wata damina, ana tsakiyar noma, 'yan bindiga suka ɗauke Barau daga gona da fartanyarsa a hannu. Bai dawo ba sai da dawa ta fitar da kai. Ba sakinsa aka yi ba, gudowa ya yi, ranar da ruwan sama ya kori masu gadi cikin bukka, ya kuma jawo wasu mutum biyu suka fito tare. Ya iso gida ƙashi da fata, da shaidar igiya zagaye da wuyan hannayensa biyu, fara fat kamar an sa masa awarwaro. Ba a jima ba saƙo ya zo ta bakin masu zuwa cin kasuwa. Mutanen daji sun ce Barau ya san makwancinsu, ya san hanyoyinsu, kuma duk inda ya shiga sai sun nemo shi.

Suka bar garin da rana tsaka, da kayan jikinsu, kamar masu zuwa suna. Abu ɗaya Laraba ta kafe sai an ɗauka, dutsen niƙan uwarta. Barau ya ce, "Ke, mutane na gudun rai kina ɗaukar dutse?" Ta ce ko a ɗauka ko a bar ta tare da shi. Aka naɗe shi cikin buhu aka ɗora a mota.

A sabon garin suka kama ɗaki biyu a bayan gidan wata mata, Suwaibatu, matar wani malamin makaranta. Suwaibatu matar kulle ce, amma kada ka raina ta, daga kan gadonta take sayar da atamfa da turaren wuta ta waya, kasuwarta ta kai Funtua. Babu wanda ya san labarin baƙin. Ita Laraba ana ce mata Maman Baraka, da sunan ɗiyarta ta biyu, shi kuwa Baban Baraka, wani mutum mara magana da ke zaune a tsakar gida yana saƙar zana, kullum da riga mai dogon hannu ko ana zafi. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zaman majalisa. Dariyar nan kuwa, a daji aka baro ta. Wannan shi ya fi ci wa Laraba rai, fiye da gonar da rumbunan. Ta dawo da miji gida, amma rabinsa kawai aka ba ta.

Ciyar da gida ya koma wuyanta, sai ta kama awara. A jiƙa wake, a kai niƙa, a tace, a dafa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a juye cikin ƙyalle a danne ruwan ya tsane, a yanka a soya. To amma wace mace ce a garin ba ta yin awara? Kowane lungu da kaskonsa. Laraba tana samun na tuwo da ƙyar, wata rana a samu, wata rana a sha kunu.

Sai ranar da aka yi rasuwa a maƙwabta. Barau ya danne mata awararta da dutsen uwarta, wanda ya fi duwatsun sauran mata nauyi nesa ba kusa ba, ta tafi gaisuwa da niyyar yanzu za ta dawo. Zaman makoki kuwa ka san shi, ba a shiga a fita. Ko da ta dawo awara ta yi tauri kamar tafin takalmi. Ta tsaya ta dube ta, ranta ya ɓaci. Zubarwa? Ina! Ɗiyar mai daddawa ba ta zubar da abinci. Ta yanyanka ta siri-siri, ta daka ƙuli-ƙuli da citta da masoro da 'yar daddawa, ta mulke ta da man gyaɗa, ta soke a tsinke ta kara a garwashi, don dai maigida ya samu abin taɓawa.

Barau ya ci tsinke ɗaya, ya tsaya, ya dube ta. "Ina kika samo nama?"

Daga ranar ta bar suya ta koma gashi. Lokacin kuwa ya zo mata daidai. An kore shanun mutane, kasuwannin dabbobi yau a buɗe gobe a rufe, nama ya zama sai ranar suna ko Sallah. Ga tsofaffin da likita ya hana jan nama saboda hawan jini, suna zaune suna haɗiyar miyau. Ga mata masu son su ga wani abu yana yawo a cikin miya. Laraba ta yi tsire, ta yi dambu, har ta gwada kilishi, ta shanya shi a faifai ta shafa masa labun gyaɗa da yaji. Suwaibatu ta ɗanɗana ta riƙe baki, ta ce, "Yaya, wanga abu ba na lungu ba ne." Ta riƙa ɗora hotonsa a wayarta kusa da atamfofi, sai ga masu biki suna aikowa a yi musu roba-roba. Abin da ya fi yi wa Laraba daɗi shi ne, ga ta Bamagujiya tana sayar wa Musulmi tsire, kuma babu mai cewa wa ya yanka.

Ashe tambayar tana nan tafe, ta dai biyo wata hanya ce. Abin ya yi kama da nama har ya wuce misali, sai magana ta tashi. Wai wake ba ya yin haka. Wai a bincika, matar nan fa ba a san asalinta ba, wa ya san abin da take cusawa a ciki? Wasu suka ce mushe, wasu suka faɗi abin da ya fi mushe muni. Wanda ya fara maganar har yau ba a sani ba. Laraba ta zargi Malam Mani, don tukubarsa ta fi kwana a sanyaye, amma ba ta da shaida. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Ta gasa tsire ya huce a faranti, ta sake ɗumamawa ya sake hucewa.

Ta yi fushi irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ita da ko kaza ba ta yankawa a gidan, don gudun irin wannan magana!

Suwaibatu ce ta kawo shawara. "Yaya, mu ɗauki bidiyo tun daga wake har tsinke. In sa shi a zauren Wasaf na matan unguwa, kowa ya gani da idonshi."

Laraba ba ta da babbar waya, 'yar ƙarama gare ta mai tocila. A fahimtarta, zauren matan unguwa kamar tsakar gida ne, ka kira mata su shigo su gani, su tashi su tafi, a share wuri. Ta ce a yi. Da Suwaibatu ta shigo da safe ta ɗaga waya ta ce ta dubo nan ta yi murmushi, sai Laraba ta daka mata harara. "Murmushin mi? Hoton aure za a yi? Tukunya ake zargi, ɗauki tukunya!" Aka yi aiki tun daga tata har gashi, tana yi tana faɗa, tana nuna kowane kwano, tana zazzage kowane ƙullin yaji. Da aka zo danna, Barau ya kawo dutsen ya ɗora kamar kullum, don ita ba ta iya ɗaga shi. A ƙarshe, da zuciya ta ɗebe ta, ta ce duk mai shakka ta zo ta gani, ta kuma zayyana kwatancen gidan tiryan-tiryan.

Maganin ya ci. Mata suka dawo, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar, suna wani sunne kai suna cewa su dama ba su yarda ba. Laraba ta yi ta aiki ba ji ba gani. Bidiyon kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Me za ta kalla, ita da ta yi abinta?

Wata ranar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Ta yafa zane ta leƙa, sai ga Malam Mani, yana washe baki kamar ba shi ba.

"Maman Baraka, ashe kin zama tauraruwa ba mu sani ba! Direbobin Kano ke nuna mani ke a Tiktok. Duniya ta gani, wallahi. Har na Legas tambaya suke."

Ta ce, "Wace duniya? Ai matan unguwa aka aika mawa."

"To wata ta tura ma ƙanwarta, ƙanwar ta tura gaba. Haka abin yake." Shi ko a jikinsa. Abin da ya kawo shi daban ne. Dabba ta yi wuya, tukuba na zaune, me zai hana ta riƙa ba shi ɗanyen tsiren yana gasawa a bakin titi?

Ba ta ma ji shi ba. "Malam Mani, ka nuna ma wani gidan ga?"

"Haba! In nuna masu gida su riƙa tsallake ni? Mu mahauta ko akuya muka sayo ba mu hwaɗin garken. Amma ai ba sai na nuna ba, an ce ke da bakinki kin yi kwatance a ƙarshe. Ni ban kai nan ba, mai wayar ya karɓe abinshi."

Ta ce masa ya je za ta neme shi. Ta juyo, sai ta ga Barau tsaye a bayan zana, da tsinken saƙa a hannu. Duk ya ji.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Ranar da aka ɗauki abin nan, na shigo da dutse?"

"Ka shigo."

"Na naɗe hannun riga?"

Ta tuna. Kullum sai ya naɗe kafin ya ɗaga dutsen. Ta gyaɗa kai.

"Kuma kin yi kwatance."

Ta yi kuwa, da bakinta. Mutanen daji suna da wayoyi, kowa ya sani, a Tiktok ɗin ma har nuna kansu suke yi. Suna da masu kai musu labari a kasuwanni. Fuska ɗaya, hannu ɗaya mai shaidar igiya, da hanyar gida daga bakin matar gida, me ya rage? Barau ya shiga ɗaki ya fara tattara kaya. Ya shimfiɗa zane ya zuba tufafi ya ƙulle. Ya fito ya ɗauke dutsen daga inda yake, ya cusa shi a buhu, wannan karon ba tare da ta roƙa ba. Ya ce gobe da safe za su hau mota, ko Zariya ko inda Allah ya nufa.

Laraba ta zauna a kan turmi. Ba kasuwar take ji ba, ko da yake ita ma tana ciwo, yanzu da ta fara tsayawa da ƙafarta. Abin da ke yankar zuciyarta shi ne, mutumin nan ya tsere daga hannun masu bindiga da ƙafarsa, ya ɓoye kansa shekara da shekaru, ya haƙura da gona da abokai, sai ita, matarsa, ta tashi ta yi shelar inda yake saboda an zagi tsirenta. Ta tsani bakinta a ranar, ta tsani zuciyarta mai saurin hawa.

Ta tashi ta zaga gidan Suwaibatu. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a garin ba, ta zazzage mata shi a tsaye, tun daga gona har igiya. Suwaibatu ta dafe ƙirji tana salati, hawaye na zuba. Ta lalubo waya ta goge nata nan take, amma ita ma ta san aikin banza ne, na hannun mutane ba ya goguwa. Can sai ta tsaya, ta share ido da gefen hijabi.

"Yaya, tsaya. Ke kin taɓa kallon bidiyon ga?"

"In kalli mi?"

"Tashi mu je. Da shi Baban Baraka za ku kalla."

Suwaibatu ba ta shiga tsakar gidan ba tunda maigida na nan. Ta nemo bidiyon a Tiktok, ta miƙa wa Laraba wayar, ta tsaya a bayan zana. Barau ya ƙi zama, ya tsaya a kan matarsa yana leƙe, ƙullin kaya na gefen ƙafarsa.

Ga wake a ƙwarya. Ga hannun Laraba yana matse ƙyalle. Ga tukunya tana tafasa, muryarta na tashi a kai, "Ku duba da kyau, in akwai kunnen jaki a ciki ku nuna mani!" Hannu, tukunya, ludayi, hannu. Ko haɓarta ba ta fito ba, tunda ita ta hana. Laraba ta ji numfashinta ya ɗan sauka, amma ba nan ne wurin ba. Aka juye awara a ƙyalle, aka ƙulle. Saura dutse.

Sai aka ji gyaran murya daga gefe, irin na namiji zai shigo inda mata suke. Nan take hoton ya birkice. Shuɗin ƙyalle ya rufe komai, sannan ƙasa, sannan yatsun ƙafa da lalle, da wata kaza tana tsattsagar dusar wake. Ana jin ƙarar ajiye dutse, tim, ana jin takun tafiya. Kazar nan ita ta ci bidiyon har sai da takun ya ɓace, sannan hoto ya ɗago, ga dutse zaune a kan awara kamar shi ya hau da kansa.

Daga bayan zana Suwaibatu ta ce, "Ni in ɗaga waya a fuskar mijin wata? Allah shi kiyaye. Ina jin gyaran muryarshi na ja hijabi na duƙar da kai."

Barau ya sauke wata ajiyar zuciya, ya zauna a kan ƙullin kayan. Amma ya ce, "Saura kwatancen."

Aka zo ƙarshe. Tsire na kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, muryar Laraba ta fito a shaƙe tana tari tana masifa.

"Duk mai shakka ta zo ta gani! In kin taso daga inda Fatima Zahra'u ke suyar ƙosai kafin ta yi aure, ki miƙe. Ki bar kukar nan da iska ta kayar a hannunki na cin tuwo. Za ki ga gidan da aka yi tagwaye. To ba shi ba. Ki wuce, sai lungun da akuyar Yahuza ta hwaɗa masai. In kin ji ƙamshi kin iso."

Bidiyo ya ƙare.

Barau ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba ki hwaɗi sunan garin ba?"

"In hwaɗa ma matan gari sunan garinsu? Sun manta shi ne?"

Ya gyara zama a kan ƙullin kayan. Ya ce, "Wai ina ne akuyar Yahuza ta hwaɗa masai?"

"Nan ƙofar gidanmu mana! Kahin mu zo garin ne, kowa ya sani."

"Ni da nake kwana a gidan," in ji Barau a hankali, "da za a sauke ni a tasha a ba ni kwatancen ga, wallahi sai dai in kwana a masallaci."

Suwaibatu ta karɓi wayar ta saman zana ta shiga karanto musu abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wani ya rantse Sheme ce, ya gane kazar. Wata ta ce ƙarya ne, wannan harshen Sabuwa ne. Wani ya ce Malumfashi. Wata mai kanti a Zariya tana ta roƙo a ba ta lamba, tana so a riƙa ɗura mata a leda. Sai wani direba ya rubuta cewa shi fa ya gaji, ya tsaya a Faskari ya tambayi kukar da iska ta kayar, an yi ta yawo da shi daga kututture zuwa kututture har mai ya kusa ƙare masa, kuma duk gidan tagwayen da ya samu sai ya tuna an ce ba shi ba.

A nan ne abin ya ɓalle. Ya fara daga kafaɗun Barau, suka shiga rawa. Ya toshe baki da hannu, abin ya fi ƙarfin hannun. Sai ga ta ta fito, dariyar nan ta gayya, ta gona ta uku, da ƙarfinta da tsawonta, har ya zame daga kan ƙullin kaya ya zauna a ƙasa yana dukan cinya yana cewa, "To ba shi ba! To ba shi ba!" Kaji suka watse. Laraba ta tsaya tana kallonsa baki buɗe, sai ta ji ita ma tana dariya, hawaye na sauka har cikin bakinta, ba ta ko share ba.

Kada in yi maka ƙarya in ce tsoro ya tafi duka. Muryarta tana can tana yawo a wayoyin da ba ta san masu su ba, kuma wanda ya san ta a Ketare zai iya tsayawa ya saurara. Sun zauna sun auna wannan, suka ga hayaƙi ya shaƙe muryar, kuma gudu ma yana da nasa haɗarin, suka zaɓi zama. Amma Laraba ta kafa doka, kuma har yau ba ta karye ba. Waya ba ta ƙara shiga tsakar gidanta a buɗe. In za a yi talla a ɗauki faranti a ɗakin Suwaibatu, ba fuska, ba murya, ba bango. Ta nemi Malam Mani suka daidaita, shi ne fuskar kasuwar, lambarsa ake bugawa, shi ke ɗora saƙo a mota. Mai kantin Zariya ta samu ledojinta, ta kuma nace a manna hoton mai sana'a a jiki, wai haka ake yi yanzu, masu saye sun fi yarda. Laraba ta aika mata cewa ta manna hoton wake, ai shi ne mai aikin. Yanzu mata uku ke taya ta tata, kuma manoman waken gefen garin sun san inda za su kai amfaninsu tun kafin ya bushe.

Amma bari in mayar da kai waccan ranar. Da dariya ta lafa, Barau ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya kwance ƙullin kaya ya mayar da tufafi ɗaki. Ya jawo buhu ya fito da dutsen, ya naɗe hannun riga, ya kai shi mazauninsa ya ajiye. Ya ce, "A jiƙa wake, rana na yi."

Washegari da ta je kai niƙa, matan lungu suka tare ta. Wai jiya sun ji wani namiji yana ta ƙyaƙyata dariya a gidanta har ta katanga, su kuwa tunda ta zo garin ba su taɓa jin haka ba. Wane baƙo ta yi?

Laraba ta sauke bokitin wake, ta gyara ɗaurin zane.

Ta ce, "Wani mutumin garinmu ne. Ya daɗe bai zo ba."